Yadda Za Ka Bibiyi Zaman Majalisar Dattawan Najeriya Ka San Inda Magana Ta Kwana

Mafi yawan abin da ke isowa ga jama'a daga Majalisar Dattawa ɗan guntun bidiyo ne da ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp, inda za a ga wani sanata ya ɗaga murya, ko shugaban majalisa ya buga guduma ya katse shi. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka cewa aikin majalisar bai wuce cacar baki ba, kuma duk ranar da ya ji an ce majalisa ta amince da wani abu sai ya yi murna ko ya fusata, alhali sau da yawa abin da aka amince da shi ko kusa da zama doka bai yi ba. Bin zaman majalisa aiki ne da kowa zai iya koya, muddin ya san takardun da zai nema, ya san matakin da kowace magana take kai, ya kuma san lokacin da muryarsa za ta yi amfani kafin a rufe ƙofa.

Ka fara da sanin gidan da mutanensa

Sashe na 48 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowace jiha daga cikin jihohi 36 kujeru uku, ya ba Babban Birnin Tarayya kujera ɗaya, wato sanatoci 109 ke nan. Ba a duba yawan jama'a a wannan rabo, domin Kano da Legas kujeru uku-uku suke da su kamar yadda Bayelsa take da uku. Majalisar Wakilai mai kujeru 360 ita ce aka raba bisa yawan jama'a. Ka tabbatar ka san mazaɓarka, alal misali Kano ta Arewa ce ko ta Tsakiya ko ta Kudu, ka san sunan sanatanka, sannan ka binciko kwamitocin da yake ciki, domin a can ne hannunsa ya fi tasiri.

Akwai alƙaluma uku da za su riƙa yi maka amfani. Zama ba ya halatta sai da kashi ɗaya bisa uku na sanatoci, wato mutum 37, kamar yadda sashe na 54 ya tanada. Manyan al'amura, irin su gyaran kundin tsarin mulki da amincewa da dokar ta-ɓaci, suna buƙatar kashi biyu bisa uku, wato mutum 73. Sashe na 63 kuma ya wajabta wa majalisar ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. A al'ada ana zaman zaure ranakun Talata da Laraba da Alhamis, sauran lokacin kuma na aikin kwamitoci ne da ziyarar mazaɓu.

An ƙaddamar da majalisa ta goma ranar 13 ga Yuni, 2023, inda Godswill Akpabio ya zama shugaba da ƙuri'a 63 a kan 46 na Abdul'aziz Yari, Barau Jibrin kuma ya zama mataimakinsa. Amma idan kana kallon zama, kada idonka ya tsaya a kan mai guduma kaɗai. Shugaban masu rinjaye shi ne yake miƙewa ya kira kowane batu ɗaya bayan ɗaya, ya nemi a shiga shi ko a ɗage shi, shugaban marasa rinjaye kuma ya mara masa baya bisa al'ada. Mai tsawatarwa yana kula da ladabin zaure. Akawun majalisa da ma'aikatansa suna zaune a teburin da ke gaban shugaba suna rubuta abin da aka zartar. Sandar majalisa, wadda ake shigowa da ita a gaban shugaba a ɗora ta a kan teburin, ita ce alamar ikon zaman, shi ya sa lokacin da wasu mutane suka kutsa zauren suka gudu da ita ranar 18 ga Afrilu, 2018, sai da aka kawo wata sandar kafin aiki ya ci gaba.

Da Ingilishi ake muhawara. Sashe na 55 ya ce ana iya yin aikin majalisa da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace, amma har yanzu wannan tanadi bai zama aikin yau da kullum ba, kuma a ganina wannan babbar tawaya ce ga miliyoyin masu zaɓe da ba su yi boko mai zurfi ba. Kafin a gyara, wanda ya iya karatun takardun yana da hakkin ya fassara wa na kusa da shi.

Takardu uku da ba ka da makawa sai da su

Ta farko ita ce jadawalin zama, wanda kwamitin dokoki da tsara ayyuka yake fitarwa domin kowace ranar zama. A cikinsa za ka ga ƙudirorin da za a gabatar, da rahotannin kwamitoci da za a ajiye ko a duba, da sunan sanatan da ke ɗauke da kowanne. Ka neme shi da safe a shafin intanet na Majalisar Tarayya ko a shafukan majalisar na sada zumunta, ka karanta shi kafin a fara zama. Wanda ya kalli zama ba tare da jadawali a hannu ba zai sha wahalar gane abin da ake ciki, domin sanatoci sukan ambaci batu da lambarsa kawai su wuce.

Ta biyu ita ce takardar da ke ɗauke da taƙaitaccen bayanin abin da aka yi da abin da aka zartar a zaman da ya gabata. Ita ce ake fara dubawa a amince da ita shafi bayan shafi a farkon kowane zama, kuma ita ce shaidar hukuma a kan abin da majalisa ta yanke. Idan jaridu biyu suka saɓa a kan matsayar da aka cimma, wannan takarda ce za ta raba gardama. Ta uku ita ce Hansad, wadda ke ɗauke da maganar kowane sanata kalma da kalma. Takan yi jinkirin fitowa, amma ita ce hanyar da za ka san ko sanatanka ya taɓa buɗe baki a kan wani batu, da abin da ya faɗa daidai, ba abin da magoya bayansa suka ce ya faɗa ba. Ƙungiyar PLAC da ke Abuja, mai bibiyar ayyukan majalisa, ita ma tana ajiye kwafin ƙudirori da bayanin matakin da suke kai a shafinta, kuma hakan yana rage wahalar nema.

Yadda ranar zama take tafiya

Bayan shigowar shugabanni da addu'ar buɗe zama, sai a amince da bayanin zaman baya, sannan shugaba ya karanta sanarwa. Ka kasa kunne sosai a wannan gaɓa duk da cewa takan wuce da sauri, domin a nan ake karanta wasiƙun shugaban ƙasa: neman amincewa da ciwo bashi, sunayen waɗanda yake son a tantance, ƙudirin da ɓangaren zartarwa ya aiko, ko dalilin da ya sa ya ƙi sa hannu a wata doka. A nan kuma ake karanta wasiƙar sanatan da ya sauya sheƙa. Daga nan sai ƙorafe-ƙorafen jama'a, sai batutuwan gaggawa, sannan a shiga ainihin jadawalin ranar.

Sanata ba ya magana sai shugaba ya ba shi dama, kuma daga kujerar da aka ware masa zai yi ta, yana fuskantar da jawabinsa ga shugaba ko da abokin aikinsa yake mayar wa martani. Idan ka ga wani ya miƙe yana ɗaga littafin dokokin majalisa, yana neman ya nuna cewa an saɓa wata ƙa'ida ce, kuma dole ya faɗi lambar ƙa'idar, shugaba kuma ya yanke ko ya karɓa ko ya yi watsi da ita. Wannan iko na zaɓar wanda zai yi magana da yanke hukunci a kan ƙa'ida shi ne babban makamin shugaban majalisa, saboda haka idan muhawara ta yi zafi ka lura da waɗanda suka ɗaga hannu ba a kira su ba, kamar yadda kake lura da waɗanda aka kira.

Wani lokaci za ka ji shugaban masu rinjaye ya nemi a shiga zaman sirri. Nan take za a fitar da 'yan jarida da baƙi, a kashe kyamarori, sai bayan an gama shugaba ya karanta ɗan gajeren bayani a kan abin da aka tattauna. Ana iya fahimtar haka idan maganar tsaro ce, amma ka sani cewa batutuwa masu zafi da yawa a can ake sasanta su, abin da ake yi a bainar jama'a bayan an buɗe ƙofa kuwa tabbatarwa ce kawai. Idan ka ga batun da aka yi mako ana taƙaddama a kansa ya wuce cikin minti biyar bayan zaman sirri, to ka rubuta haka a littafinka, kuma ka nemi sanatanka ya gaya wa mazaɓarsa ɓangaren da ya tsaya.

Ka rarrabe jan hankali da ƙudirin doka

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Idan ambaliya ta ci gari, ko 'yan bindiga suka kai hari, ko wata hanya ta lalace, sanatan yankin yakan kawo ƙudirin jan hankali. Zai karanta bayani, wani ya mara masa baya, a yi muhawara, a yi shiru na minti ɗaya idan an rasa rayuka, sannan a bi buƙatun da ke ƙarshen takardar ɗaya bayan ɗaya a amince da su. Abin da ya fito daga nan matsaya ce ta majalisa, kuma galibi kira ne ga wata ma'aikata ko hukuma, wanda ba ya ɗaure ɓangaren zartarwa kamar yadda doka take ɗaure shi. Wannan ba ya nufin ba shi da amfani, domin yana sa batu a bakin duniya, kuma a wasu lokuta matsaya takan sauya tarihi, kamar ta ranar 9 ga Fabrairu, 2010, wadda ta ba Goodluck Jonathan ikon zama muƙaddashin shugaban ƙasa lokacin da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yake jinya a Saudiyya. Amma idan jan hankalin ya shafi garinku, abin da za ka duba shi ne ko an ɗora wa wani kwamiti alhakin bin diddigi, da makonnin da aka ba shi ya kawo rahoto. Ka rubuta ranar, ka koma jadawali idan wa'adin ya cika. Idan babu kwamiti babu wa'adi, da wuya maganar ta wuce ranar da aka yi ta.

Ƙudirin doka shi ne mai doguwar tafiya. Kowanne yana da lamba: wanda ya faro daga Majalisar Dattawa yana ɗauke da haruffan SB, wanda ya faro daga Majalisar Wakilai kuma HB. Da wannan lamba za ka riƙa nemansa, domin taken ƙudiri yakan yi tsawo, wasu kuma sukan yi kama da juna.

Karatu na farko ba komai ba ne illa akawu ya karanta taken ƙudirin, babu muhawara, babu ƙuri'a a kan abin da ya ƙunsa. Ɗaruruwan ƙudirori suna tsayawa a nan har wa'adin majalisa ya ƙare. Saboda haka idan aka buga hoton sanata da labarin cewa ƙudirinsa na kafa jami'a ko asibitin tarayya a mazaɓarku ya tsallake karatu na farko, ka san cewa an dai yi rajistarsa ne.

A karatu na biyu ne ake muhawara ta gaske a kan manufar ƙudirin gaba ɗaya. Mai ƙudirin zai gabatar da hujjojinsa, magoya baya da masu adawa su yi magana, sannan a yi ƙuri'a. Ƙudiri yana iya mutuwa a nan, kuma babban misali shi ne na ranar 16 ga Mayu, 2006, lokacin da majalisa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da ƙudirin gyaran kundin tsarin mulki wanda ya ƙunshi tazarcen wa'adi na uku a zamanin Olusegun Obasanjo. An haska muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya san mutanen garinsu suna kallonsa, kuma ina da yaƙinin cewa wannan ido na jama'a yana cikin abin da ya tsayar da ƙafafun masu rawa.

Idan ya tsallake, sai a miƙa shi ga kwamiti tare da wa'adi. Wannan shi ne matakin da ya kamata ka fi ba muhimmanci, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwamiti yana bin ƙudirin sashe bayan sashe, yana kiran zaman sauraron ra'ayin jama'a, yana karɓar takardun ƙungiyoyi da hukumomi, yana iya cire sashe ko ya ƙara wani. Ka dubi ƙudirorin gyaran haraji guda huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya aika a watan Oktoban 2024. Gwamnonin Arewa sun nuna adawa da tsarin rabon harajin kayayyaki na VAT, wanda a ƙudirin farko ya ware kashi 60 cikin ɗari na rabon jihohi bisa inda harajin ya fito, ya kuma tanadi ƙara harajin a hankali. Duk da hayaniyar, ƙudirorin sun tsallake karatu na biyu a watan Nuwamba. A tattaunawar da ta biyo baya da aikin kwamitoci ne aka rage wancan kaso zuwa 30, aka bar harajin a kashi 7.5, kafin shugaban ƙasa ya sa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025. Wanda ya daina bin maganar ranar karatu na biyu zai riƙa jayayya a kan alƙaluman da ba su shiga doka ba.

Idan kwamiti ya kawo rahoto, majalisa takan rikiɗe ta zama kwamiti guda na dukkan sanatoci. Za ka gane haka da idonka: shugaba zai sauko daga kujerarsa ta sama ya zauna a ta ƙasa, a sauke sandar zuwa mazauninta na ƙasa, sannan a riƙa kiran sassan ƙudirin da lamba ana amincewa. Aikin yakan yi sauri ƙwarai, har a haɗa sassa goma a kira ɗaya, don haka sai kana riƙe da kwafin rahoton za ka gane abin da ya wuce. Bayan nan sai karatu na uku, wanda galibi ba a muhawara a kansa.

Ko a nan ba a gama ba. Dole ɗaya majalisar ta amince da ƙudirin da lafazi iri ɗaya, idan kuma aka sami saɓani sai a kafa kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita. Dokar masana'antar man fetur, wadda aka fara kai ƙudirinta majalisa tun 2008, ta nuna muhimmancin wannan mataki: a watan Yulin 2021 dattawa sun amince da kashi 3 cikin ɗari ga al'ummomin da ake haƙar mai a yankinsu, wakilai sun amince da kashi 5, kwamitin haɗin gwiwa ya tsaya a kan 3, kuma haka Muhammadu Buhari ya sa mata hannu ranar 16 ga Agusta, 2021. Daga ranar da aka kai wa shugaban ƙasa ƙudiri yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, bisa sashe na 58. Idan ya ƙi, majalisun biyu suna iya sake zartar da shi da kashi biyu bisa uku kowaccensu ya zama doka ba tare da hannunsa ba. Haka aka yi wa dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta a shekarar 2000, amma abu ne da ba kasafai ake ganinsa ba. An fi komawa a gyara abin da ya ƙi, kamar yadda aka yi da dokar zaɓe, wadda Buhari ya mayar a ƙarshen 2021 saboda tilasta zaɓen fid da gwani na 'yar tinƙe, aka gyara, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022.

Duk waɗannan matakai suna iya ɗaukar shekaru, suna kuma iya ƙarewa cikin 'yan kwanaki idan shugabanni sun so, kamar dokar da ta dawo da tsohon taken ƙasa, wadda aka sa wa hannu ranar 29 ga Mayu, 2024. Saurin ƙudiri ko jinkirinsa yana gaya maka wanda ke bayansa.

Yadda ake ƙuri'a, da abin da ke ɓuya a cikinta

Kusan kullum da murya ake yanke hukunci. Shugaba zai nemi masu goyon baya su amsa, ya nemi masu adawa su amsa, sannan ya faɗi ɓangaren da ya ji ya rinjaya ya buga guduma. Hanyar tana da sauri, amma ba ta barin shaidar wanda ya zaɓi me, kuma kunnen mutum ɗaya ne ma'auni. Sanatan da bai gamsu ba yana da damar ya nemi a ƙirga, inda za a kira kowa da sunansa ya faɗi matsayinsa. An yi haka ranar 15 ga Yuli, 2021, a kan batun aika sakamakon zaɓe ta na'ura, bayan Enyinnaya Abaribe ya nace: sanatoci 52 suka goyi bayan a ɗaure aikawar da sharaɗin amincewar hukumar sadarwa da majalisa, 28 suka ƙi, wasu 28 kuma ba su cikin zauren. Washegari kowa ya ga sunan sanatansa a jarida, suka ta yi yawa, kuma bayan 'yan watanni majalisar ta janye wannan sharaɗi.

Ka kwatanta wannan da ranar 20 ga Maris, 2025, lokacin da aka amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas da ƙuri'ar murya, alhali sashe na 305 yana neman kashi biyu bisa uku na dukkan sanatoci. Ko mutum yana goyon bayan dokar ko yana adawa da ita, ba na ganin yadda za a tabbatar da mutum 73 da sautin murya. Duk lokacin da kundin tsarin mulki ya faɗi adadi, ya kamata masu zaɓe su nemi a ƙirga, kuma wannan buƙata ce da za ka iya kai wa sanatanka ba tare da la'akari da jam'iyyarsa ba.

Ayyukan da suka keɓanta da dattawa

Tantance waɗanda shugaban ƙasa ya naɗa aikin dattawa ne su kaɗai: ministoci, jakadu, Alƙalin Alƙalai da alƙalan Kotun Ƙoli, shugaban hukumar zaɓe, gwamnan Babban Banki, shugaban EFCC da sauransu. Ministoci a zaure ake tantance su a gaban kowa, yawancin sauran kuma a kwamiti. Akwai al'adar cewa tsohon ɗan majalisa ya rusuna ya wuce ba tare da tambaya ba, kuma al'ada ce da take tauye wa jama'a damar jin abin da mutum ya sani game da aikin da za a ba shi. Duk da haka majalisar takan ƙi: ta ƙi Ibrahim Magu a matsayin shugaban EFCC sau biyu, a Disambar 2016 da Maris ɗin 2017, kuma a Agustan 2023 ta tabbatar da mutum 45 cikin 48 da aka aiko domin minista. Idan kana da hujja a rubuce a kan wanda za a tantance, kafin ranar tantancewa za ka kai ta.

Haka nan sashe na 5 ya hana tura sojojin Najeriya yaƙi a wajen ƙasa ba tare da amincewar dattawa ba. Mutanen kan iyaka daga Sakkwato zuwa Borno sun ga amfanin wannan bayan juyin mulkin da ya kifar da Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, lokacin da ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi. Sanatocin Arewa sun fito fili sun ƙi, kuma a zaman 5 ga Agusta majalisar ta nemi a bi hanyar siyasa da diflomasiyya.

Kasafin kuɗi na majalisun biyu ne. Shugaban ƙasa yana gabatar da shi a zaman haɗin gwiwa, sannan ma'aikatu su bi kwamitoci suna kare nasu kason. A wannan lokaci ake shigar da ayyukan mazaɓu, a nan kuma zargin cushe yake tasowa, irin wanda ya kai ga dakatar da Sanata Abdul Ningi a Maris ɗin 2024 bayan hirarsa da sashen Hausa na BBC. Idan an sa wa kasafi hannu, ka nemi kwafinsa a shafin ofishin kasafin kuɗi na tarayya, ka bincika sunan ƙaramar hukumarku, ka rubuta aikin da kuɗin da ma'aikatar da aka ajiye shi a ƙarƙashinta, sannan ka je wurin ka gani.

Inda za ka sa bakinka

Idan kwamiti zai saurari jama'a, yakan buga sanarwa a jaridu da ranar zama da inda za a kai takarda. Ka rubuta taka a taƙaice: lambar ƙudirin, sashen da kake magana a kansa, illar da kake hangowa, da lafazin da kake so a sa a madadinsa. Takardar da ta ce a sauya sashe kaza zuwa kaza ta fi wadda ta cika shafi biyar da koke. Idan ƙungiya ce ta aiko, kamar ta manoma ko 'yan kasuwa ko malaman makaranta, ta fi samun damar a kira wakilinta ya yi magana. A lokacin gyaran kundin tsarin mulki akan kai irin wannan zama shiyyoyi shida na ƙasar, ba sai an je Abuja ba, kuma gyaran ba ya tabbata sai majalisun dokokin jihohi 24 sun amince, wanda ke nufin ɗan majalisar jiharku ma yana da ƙuri'a a ciki.

Ƙorafi a kan zaluncin wata hukumar tarayya, kamar kora daga aiki ba bisa ƙa'ida ba ko riƙe haƙƙin ɗan fansho, ana rubuta shi ne zuwa ga shugaban majalisa, a sa hannu, a haɗa da kwafin shaidu, a ba sanata ya ajiye shi a zaure, daga nan a miƙa shi ga kwamitin ɗa'a da ƙorafe-ƙorafen jama'a. Ka rubuta shi cikin ladabi, ka ƙare da abin da kake nema a yi maka. Idan maganar tana gaban kotu, majalisa ba za ta saurare ta ba. Sassa na 88 da 89 sun ba majalisa ikon bincike da kiran kowane jami'i ya bayyana a gabanta, amma ita ba kotu ba ce, abin da za ta fitar shawara ce mai nauyi.

Ka riƙa la'akari da kalanda wajen duk wannan. Majalisa takan tafi dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ƙarshen shekara kuma kasafin kuɗi yakan cinye lokacinta, sannan da zarar zaɓen fid da gwani ya gabato zauren yakan zama fayau. Wa'adin majalisa shekara huɗu ne daga ranar zamanta na farko, don haka na majalisa ta goma zai ƙare a watan Yunin 2027, kuma ƙudirin da bai kammala tafiyarsa ba kafin lokacin sai an sake gabatar da shi a majalisa ta goma sha ɗaya. Idan akwai wanda kake bi kuma har yanzu yana hannun kwamiti, ka nemi sunan shugaban kwamitin da akawunsa, ka rubuta musu kana tambayar ranar da za su ajiye rahoto.